Shuɗiyar Rigar Ɗanbaba

Sabo, Badun
Damina, 1968

Zuwa ga yayata Ashatu, a Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara da duk wanda ke cin tuwon gidanki. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi. Mu nan sai godiya. Mai ɗakina Sakinatu ta yi nauyi, ba ta iya sunkuyawa sai dai ta ba da umarni, kuma ta gwanance a kai. Takardar nan hannu da hannu zan ba Isiyaku direba a tashar Ojoo, ba zan sa ta a gidan waya ba. Kada ki ba ɗan makaranta ya karanta miki a tsakar gida. Ki kira maigida ku shiga ɗaki.

Zancen Ɗanbaba ne. Kada gabanki ya faɗi, lafiyarsa ƙalau, yanzu haka ina jin ƙarar bokitinsa a bayan gida. Tun bara waccan da aka yi tarzoma, kika ɓoye shi a cikin buhunan albasa kika aiko min da shi, ban taɓa buɗe baki na gaya wa mutanen Sabo cewa Ibo ne ba, balle cewa ɗan maƙwabcinki ne, mai gyaran agogon nan da aka rasa a ranar. Hausarsa ta fi tawa, ni da Yarabanci ya lauye wa harshe. Sunan da kike kiransa tun yana rarrafe a tsakar gidanki, shi muke kiransa. Sunansa na yanka, Obiora, daga ni sai Sakinatu sai Jatau babban ma'aikacina muka sani.

Kin san sana'armu ta wankin mota a bakin titin Mokola. Mu ba watsa ruwa kawai muke yi ba. Muna cire shimfiɗar ƙasa mu kakkaɓe, mu bi kujeru da burushi, mu shafa wa jikin mota mai har mutum ya ga haƙoransa a ƙofa. To, wani manjo ya kawo tasa, Ɗanbaba ya yi mata aikin ciki, mutumin ya shiga ya shaƙa ya ce tun da aka ba shi motar bai ga ta yi haka ba. Nan take ya ce mu riƙa zuwa bariki muna wanke motocin hafsoshi, kuma lalle da wannan saurayin. Sai dai ya ce ba a shiga bariki a wannan zamani da tsummokara kowa da irin nasa. Dole mu yi kaya iri ɗaya, sunan wurin aikinmu a baya, sunan kowa da na ubansa a ƙirji, don masu gadin ƙofa su san wa suka bari ya wuce. Yaya, ban so ba. Amma mai bindiga ya yi maka alheri a lokacin yaƙi ka ce ba ka so, sai ya tambaye ka dalili, ni kuwa dalilina ba na faɗa ba ne.

Da na je wurin Sammani tela na ce ya yanko kaki, saura kaɗan ya kore ni da almakashi. Ya ce ko ban ji yadda ake zane farar hula a shingen soja don an gan su da kaki ba, ya tambaye ni ko wankin mota zan buɗe ko bataliya. Na ce to fari. Sakinatu da ta ji ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce in nemo wadda za ta riƙa wanke farar riga da baƙin mai, ba dai ita ba. Muka tsaya a kan shuɗin yadi mai kauri irin na makanikai, wanda ba ya nuna dauɗa kuma ba wanda zai ɗauke shi kayan gwamnati. Sai Jatau ya tayar da tasa rigimar, wai shi ba zai sa gajeren wando ya tsaya salla gwiwa a waje ba. Na ce dogo zai jiƙe. Ya ce a bar shi da jiƙewarsa, ya iya naɗewa. Aka yi dogo. A baya kuma Sammani zai bi da farin zare ya rubuta Maharazu Mai Wankin Mota, Sabo. Duk wannan hayaniya daɗinta na ji, don tana ɗauke min hankali daga abin da ke gaba.

Abin da ke gaba shi ne ƙirjin Ɗanbaba. Jatau ya ja ni gefe ya ce in sallame shi ya tafi Ikko, ya ce shi ma yana da 'ya'ya, in asiri ya tonu a cikin bariki ba za a tambayi wa ya sani wa bai sani ba. Na yi masa faɗa sosai, har na gaya masa maganar da ba ta kamata ba, amma a raina na san ba ƙarya ya yi ba. Da ya huce ya ce to a rubuta Ɗanbaba Gusau. Na ce barikin nan cike yake da mutanen Arewa, wani zai ce shi ma can ne gidansu, ya tambayi unguwa, shi ke nan an fara. Shi kuwa mai rigar yana zaune yana matse tsumma. Da na matsa masa, sai ya ce sunan ubansa ne kaɗai abin da ya fito da shi daga Gusau, ya san ba za a rubuta shi ba, amma kada a ƙago masa uban da babu shi a duniya.

Na koma na ce wa Sammani ya ɗinka Ɗanbaba Maharazu. Ya dube ni ta saman tabarau. Mutumin nan ba sunan ɗana da bai ci goronsa ba, ya san ba ni da ɗa mai gemu. Ya ce shi bai saba ɗinka abin da ba haka yake ba. Na ce masa ɗan riƙo ne, yayata ta ba ni, kuma a gidanmu wanda aka ba ka riƙo ɗanka ne, kai za ka yi masa aure, kai za a kira in ya yi laifi. Bai sake tambaya ba, ya zura zare. Ɗanbaba da ya karɓi rigar ya daɗe yana shafa rubutun da yatsa, sannan ya sa. Ta yi masa kyau, ja'iri, ya fi mu duka.

Mun yi ta shiga muna fita lafiya, har na fara sakin jiki. Ran nan da hantsi muka iso da bokitanmu muka tarar an sauya masu gadi. Kofur ɗin da ke ƙofa Nata'ala ne, ɗan Binta mai waina ta bayan gidanki, wanda suka taso tare da Ɗanbaba suna harbin ƙadangaru a katangarki. Ni ban gane shi ba, Ɗanbaba ne ya gaya min daga baya. Kofur ɗin ya karanta ƙirjina ya ce in wuce, ya karanta na Jatau. Da ya zo kan yaronki ya karanta, ya ɗaga kai ya dubi fuskar, ya sake komawa kan rubutun. Sannan ya rage murya ya tambaya yaushe ɗan mai gyaran agogo ya zama ɗan Maharazu. Ina jin ruwan bokitin Jatau yana zuba a ƙafata. Can kofur ɗin ya ɗaga sandar ƙofa ya ce mu shiga. Da za mu fita ya ce min zai zo Sabo ya gaishe ni, bai faɗi rana ba, bai yi murmushi ba.

Ban san wace irin gaisuwa ce ba, kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Kin fi ni sanin an kashe ƙanen Nata'ala a bakin daga, ban san abin da wannan ya mayar da zuciyarsa ba. Wataƙila abokinsa yake son gani, wataƙila da motar soja zai zo. Saboda haka ina roƙonki, ranar da takardar nan ta iso, ki sa mayafi ki je wurin Binta da ƙafarki, ko da gwiwar na ciwo. Kada ki aika. Ki gaya mata gaskiya duka, ki tuna mata yaran nan kwano ɗaya suka ci. In ta yarda, ta ba Isiyaku saƙo zuwa ga ɗanta kafin direban ya juyo Badun da mota. Ba na jin akwai manjon da zai tanƙwara shi kamar uwarsa.

Na ce wa Ɗanbaba ya cire rigar nan, in kai shi Shagamu wurin dangin Sakinatu har ƙura ta lafa. Ya ƙi. Na yi lallashi, na yi zagi, ya ƙi. Ya ce in ya ɓace, sunana ne ya bari a ƙofar bariki, gidana kuma za a zo, ga Sakinatu a wannan hali. Ya ce ba zai gudu ya bar ubansa na biyu da amsa tambaya ba. Haka ya faɗa, ban taɓa jin ya kira ni haka ba. Kullum da safe shi ke fara sa rigar, ya ɗauki bokiti ya tsaya yana jiranmu a ƙofa.

Ki gaida maigida da kyau, ki gaida Rahmatu da Amarya da yara. Sakinatu na gaishe ki. Ɗanbaba ya ce in ce miki, ke Innarsa, kada ki yi kuka. Ki sa mu a addu'a, kuma don Allah kada ki bari takardar nan ta kwana ba ki ga Binta ba. In kun karanta ku ƙona ta.

Wassalam.
Ni ne ƙanenki,
Maharazu.