Lailatu da Raƙumi na Biyu

Litinin, 5 ga Mayu 2025

Ƙanwata Lailatu ta dawo daga lakwal, makarantar boko, da kuka. An zana masu raƙuma biyar a jere, aka ce su nuna premier, deuxième, wato na ɗaya da na biyu da Faransanci, har zuwa na biyar. Ɗaya kawai ta ci, na uku. Malaminsu, Mushe Zaharaddin (Mushe ake ce wa malamin lakwal), ya ce in ta yi haka a kompozisiyon, jarrabawar ƙarshe, sai ta maimaita aji.

Baba bai yi faɗa ba, kallona kawai ya yi. Ni aka ɗora wa koya mata a gida tun farkon shekara. Amma wallahi a gida ba ta kuskure. Da la'asar na jera dabino biyar a tabarma, na tambaye ta da Hausa, na tambaye ta da Faransanci. Duk ta nuna daidai, ta kuma cinye na huɗu.

To a lakwal me ke faruwa?

Laraba, 7 ga Mayu

Na tuna wani abu. Bara Mushe Zaharaddin ya zo zance wurin Yaya Souwaiba, sau biyu ko uku. Ta ce ba ta so, wai ya cika shiru. Yanzu ga ƙanwarta a hannunsa. A littattafan soyayyar da ƙawata Rabi ke ara mini, irin waɗannan masu shiru-shirun su ne ba sa mantuwa. Suna murmushi, zuciya na tafasa.

Ban faɗa wa kowa ba. Wa zan faɗa wa?

Alhamis, 8 ga Mayu

Na raka Lailatu har ƙofar lakwal don in ga fuskarsa. Ya gaishe ni da fara'a. Fara'ar ta yi yawa.

Asabar, 10 ga Mayu

Na ɗan taɓa wa Yaya Souwaiba maganar muna wanke-wanke. Ta yi dariya har ta saki kwano, ta ce littattafan Rabi sun lalata mini kai. Wai mutumin ma ya kusa aure. Ai shi ne, na ce a raina. Wanda zai yi aure don huce haushi, me zai hana shi kayar da yarinya?

Inna ta ji mu. Ta ce kada in kuskura in ɓata sunan malami a unguwa ba hujja.

Talata, 13 ga Mayu

Yau ma. Wannan karon awaki aka zana. Na uku kawai ta ci. Kullum na uku. Kamar yana bar mata guda ɗaya don kada a gane shi.

Lailatu ta ce ba za ta ƙara zuwa ba, ita makarantar allo ta fi so, can ba a ce mata ba ta iya ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Kawu ya kawo lemu daga Timia. Rana ta cinye rabin tabarma, sai na koma inuwa kusa da Lailatu, kafaɗa da kafaɗa. Da can kullum gabanta nake zama, muna fuskantar juna. Na jera lemu biyar, na ce ta nuna premier. Ta miƙa hannu can ƙarshen dama.

Na ce, "Lailatu, daina wasa."

Ta ce, "Yaya, ai daga nan ake farawa. Haka Malam ya ce a allo."

Na sake kallon lemun. Daga dama take ƙirga, yadda ake karatun allo. Da ina zaune gabanta, damarta ita ce haguna, shi ya sa nake ganin daidai ne, ina ta cewa madalla. Na uku kuwa yana tsakiya, ta ko'ina aka fara shi ne na uku.

Duk da haka, shi da yake malami, me ya hana shi lura?

Litinin, 19 ga Mayu

Inna ta ce tunda ni na gano, ni zan je in faɗa masa. Na roƙe ta, ta ƙi.

Na je. Na faɗa masa, idona a kan takalmina. Ya saurara har na gama. Sai ya ce a ajin akwai wasu da yawa da ke cin na uku kaɗai, shi ya ɗauka kwafar juna suke yi. Ashe shi ma zargi yake. Ya ce daga yau zai riƙa zana tuta a inda layi ya fara, ya kuma jera su su da kansu, kowa ya faɗi matsayinsa. Ya nemi in nuna wa yaran da lemun da na zo da shi. Na nuna. Ban mutu ba.

Bai tambayi Yaya Souwaiba ba. Ko dai ya iya ɓoyewa, ko kuma... oho.

Alhamis, 12 ga Yuni

Lailatu ta wuce aji. A raƙuman ta ci huɗu. Ɗayan da ta rasa, rubutun cinquième, na biyar, ne ya kayar da ita, ba ƙirga ba. Baba ya ce madalla, bai ce ko da wa yake ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Maƙwabciyarmu Kadidia ta aiko ƴarta, wai ita ma za ta shiga lakwal bayan hutu, in taimaka. Na ce wa Inna ni ba malama ba ce, kuma ba ni da lokaci.

Yarinyar ta zo ta zauna gabana. Na ce ta taso ta dawo gefena.