Yaron da Ke Bayanta Ɗan Yayarta Ne

Zuwa ga shugabanni da masu kula da sashen Hausa na babban kundin ilimin nan na intanet, wanda kuka rubuta a bakin ƙofarsa cewa kowa na iya gyarawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, ina roƙon ku karanta wannan wasiƙa har ƙarshenta. Na san ba ku saba karanta nawa rubutun ba, gogewa kuka saba yi. Shi ya sa wannan karon ban rubuta a shafinku ba, na kai wa jarida.

Sunana Rabi, ina zaune a Gyadi-Gyadi cikin Kano. Ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da na aurar da 'yar farina sannan na shiga ajin manya na Asabar da Lahadi a Tarauni, a nan na koyi karatu da rubutu. Na faɗi haka da bakina ne saboda ɗaya daga cikinku ya riga ya yi mini gori a kai, gara a ji daga wurina.

Ga abin da ya kawo ni. A shafinku mai bayani a kan rigakafin yara akwai hoto. Wata yarinya ce a layin asibiti, sanye da hijabi ruwan toka, ta yaye shi ta baya don yaron da ta goya ya sha iska. Yaron da jar hular ulu, ƙafarsa ɗaya ba safa. A ƙarƙashin hoton kun rubuta: "Wata uwa ta kawo ɗanta rigakafi a Tarauni, Kano."

Wannan yarinya 'yata ce, Nafisa. Ba ta taɓa aure ba, ba ta taɓa haihuwa ba. Yaron da ke bayanta ɗan yayarta ne. Ranar, uwar yaron, wato 'yar farin tawa, tana kwance da zazzaɓi, ni kuma gwiwata ta hana ni tsayuwar layi, sai na ce Nafisa ta goya shi ta kai, kada a tsallake allura. Ni na ɗaura mata zanen goyon da hannuna. Safar ma ni na saƙa ta, 'yar'uwarta tana nan cikin akwatina. Nafisa ta tuna da wani mutum mai babbar kyamara yana zagaya layin, yana cewa gasar hotuna suke yi. Bai tambaye ta sunanta ba, bai tambaye ta ɗan wa ta goyo ba, bai ce mata zai ɗauka ba. Ya ga goyo, ya rubuta uwa. Wanda ya tashi a garin nan ya san rabin masu goyo a layin rigakafi ƙanne ne da yayye da kakanni.

Mu ba mu san da hoton ba sai da ya zo mana har tsakar gida. Nafisa tana da manemi, mutumin kirki, 'yan Hotoro ne. Magana ta yi nisa, manya sun shiga, ana bincike kamar yadda aka saba, mu muna namu su suna nasu. Wata ranar Laraba bayan la'asar gwaggon manemin ta yi sallama. Na shimfiɗa mata darduma, na kawo ruwa, ba ta sha ba. Ta ajiye wayarta a gabana ta ce, "Hajiya, ba faɗa ya kawo ni ba. In akwai ɗa, a faɗa mana tun yanzu, mu san irin zaman da za a yi." Na ɗauki wayar. Da a ce ban yi ajin manya ba, da hoton jikana kawai zan gani in yi murmushi. Amma na karanta, da kaina, kalma bayan kalma.

Na aika aka kira uwar yaron, ta zo da shi. Gwaggon ta dube su ta ce ita a ranta ta yarda. Amma ta ce baffannin manemin sun tsaya a kan magana ɗaya: wannan ba surutun 'yan gulma ba ne, kundin ilimi ne da 'yan makaranta ke karatu a ciki, in ƙarya ce me ya hana a cire? Aka ɗaga sa rana. Babban baffansu ya tafi Umara, sun ce in ya dawo za su zauna su yanke. Kwanakin da suka rage mini ke nan, kuma ga yadda kuka cinye mini su.

Na farko. Kun ce kowa na iya gyarawa, na ɗauka da gaske kuke. Malamarmu ta ajin manya ta taya ni buɗe suna a wayata, ta nuna mini alamar fensirin da ake taɓawa. Na dawo gida na zauna tun bayan azahar ina lalube, har na goge "uwa" na rubuta: "Wata budurwa ta kawo ɗan yayarta rigakafi." Na ga ya hau. Wallahi sai da na yi sujada. Na kira gwaggon da murnata na ce ta buɗe ta gani, an gyara. Ta buɗe, sannan ta ce, "Hajiya, ni dai uwa nake gani a nan." Tsakanin rubutuna da kiran wayata, wani daga cikinku ya mayar da shi yadda yake. Kun san abin da kuka yi mini a wannan rana? Kun mai da ni maƙaryaciya a gaban matar da nake roƙo ta yarda da ni.

Na biyu. Na sake gyarawa, aka mayar. Na sake, aka mayar. A karo na huɗu sai wani jan rubutu ya fito, wai an rufe ni mako biyu saboda ɓarna. Ni ce mai ɓarna. Wanda ya laƙa wa budurwa ɗa a gaban duniya yana gina ilimi, uwar da ta zo kankare ƙazafi ita ce maɓarnaciya. Wanda ya rufe ni ko sunansa na gaskiya bai sa ba, wani sunan aro ne da lambobi a ƙarshe. Fuskar 'yata a buɗe, tasa a rufe.

Na uku, kuma nan ne raina ya fi ɓaci: shafin da kuka kira na neman taimako. Da mako biyun ya cika na nufi can. Abin da na tarar umarni ne a kan umarni, rabinsa Turanci da aka sa wa rigar Hausa. Wai in je shafin tattaunawa. Wai in sa hannu da wata alama mai kama da tsutsa, guda huɗu a jere. Na bincike wayata kaf ban ga tsutsar ba sai washegari. Na rubuta kukana, na faɗi komai, har zazzaɓin, har gwiwata. Kwana biyar babu wanda ya tanka. Ni da nake duba wayar nan ko tukunya na ɗora, wannan shirun kaɗai ya isa ciwo. Da amsa ta zo, uku ce. Ta farko doguwar barka da zuwa ce, wadda daga gani kowa ake manna wa, har da hoton kofin shayi. Ta biyu cewa ta yi in kawo madogara. Mai ta ukun cewa ya yi in fara koyon rubuta Hausa daidai kafin in taɓa aikin mutane. Yaro, ko kai waye, na ji. Rubutuna ba shi da kyau, na sani. Amma ka gane abin da na ce sarai, tunda har ka iya ƙirga kurakuraina. Ka karanta cewa an yi wa budurwa ƙazafi, abin da ya dame ka shi ne wasalina.

Na huɗu. Na ji kuna taron koyar da sababbin masu gyara a wani zaure a Tarauni, na shirya na tafi. Na ɗauki katin rigakafin yaron, wanda sunan uwarsa ke jiki. Na tarar da matasa cike da ɗaki, kowa da kwamfuta, ana tafi ana ƙirga wanda ya fi yawan rubutu. Na jira har aka tashi sallah, na tare mai jagorancin. Ya saurare ni da rabin kunne, ya ce wace ce uwar yaron. Ku da kuke rubuta al'adun Hausawa a kundinku, kun san mace irina ba ta kiran sunan 'yar farinta. Tun da na haife ta ban taɓa faɗarsa ba. Ranar na faɗa, da ƙarfi, a gaban yaran da na haifi sa'o'insu, don ya duba katin ya ga daidai ne. Ya duba. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, mu ba ma aiki da irin wannan. Sai abin da aka buga a jarida ko littafi." Ya ƙara da cewa hoton ma ba a wurinsu yake ba, yana wani rumbu daban, kuma mai shi ya riga ya sadaukar da shi ga duniya, ba a janyewa. Sadaka da fuskar 'yar wani! Ban taɓa jin inda mutum ya yi kyauta da abin da ba nasa ba aka sa masa albarka, sai a wurinku.

Ba zan ci haƙƙin kowa ba. Wata yarinya mai farin gilashi ta biyo ni har bakin titi, ta riƙe hannuna, ta ce za ta gwada. Ta gwada kuwa, na gani. Nata ma kwana ɗaya ya yi aka mayar, wai ana jayayya a kan wurin, a bar shi yadda aka same shi. Allah ya yi mata albarka. Ita kaɗai ce ta tambaye ni yaya Nafisa take.

Tunda ku ba ku tambaya ba, bari in gaya muku. Nafisa tana koyar da ƙananan yara a wata makaranta a Unguwar Gano. Wata uwa ta zo ɗaukar ɗanta ta ce mata, "Anti, ashe kina da yaro, ya girma?" Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ta karanta ne. Mahaifin Nafisa mai hawan jini ne, ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci, yana idar da sallah yake shigowa. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne jikan nawa. Tun yana jariri ya fi sabawa da bayan Nafisa a kan na uwarsa. Yanzu in an kawo shi ya miƙa mata hannu, sai ta juya ta shige ɗaki. Yana bin ƙofar da kuka, bai san laifinsa ba.

Na biyar tambaya ce, kuma ina son amsarta a fili. Ni kun ce in kawo jarida ko littafi kafin ku yarda 'yata budurwa ce. Shi wanda ya rubuta "uwa", wace jarida ya kawo? Wane littafi? Wa ya tsayar da shi? Ya zo da zatonsa kun buɗe masa ƙofa. Na zo da kati, da uwar yaron a raye, da shaidar unguwa guda, kun rufe ni mako biyu. In dokarku ta ce wanda ya riga rubutawa shi ne mai gaskiya, to ku cire maganar nan ta bakin ƙofa, ku daina yaudarar irinmu.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ku cire hoton daga shafin rigakafi, ku je rumbun da kuka ce yana ciki ku nemi a cire shi, tunda ku kuka san hanya. In kun ce ba ya ciruwa, ku gyara rubutun ƙasansa yau, ku kulle shi kada wani ya sake mayarwa. Ku rubuta layi biyu a fili cewa kuskure aka yi, da sunan mutum na gaskiya a ƙasa, wanda zan iya nuna wa surukai. Ku goge kalmar ɓarna daga jikin sunana. Ku sa mutum mai rai a shafin taimakon nan, wanda zai amsa wa uwa da Hausar da ake yi a gida. Kuma ku gaya wa masu kyamararku su riƙa buɗe baki su yi tambaya kafin su rubuta.

Ina roƙon Allah ya shirye ku, ya sa aikinku ya amfani mutane. Allah ya ba ku 'ya'ya mata, ya raya muku su, ya kare su daga alƙalamin wanda bai san su ba. Haƙƙin Nafisa kuwa ban yafe ba, ba nawa ba ne balle in yafe.

Na san wannan wasiƙa za ta kai labarin inda bai kai ba. Na yi shawara da Nafisa kafin in aika, ta ce, "Umma, ƙaryar ta riga ta zaga, bari gaskiyar ma ta fita." Kun ce ba ku karɓar magana sai wadda aka buga a jarida. To ga ta an buga: yarinyar da ke cikin hoton nan, mai hijabi ruwan toka, budurwa ce, yaron da ke bayanta ɗan yayarta ne. Ga madogararku. Ku ɗauka ku je ku gyara, jirgin baffan ranar Juma'a zai sauka.

Wassalam.

Rabi, mahaifiyar Nafisa,
Gyadi-Gyadi, Kano.