Ruwan da ke Cikin Hoton Imrana

Banga, Kaura Namoda,
Watan Agusta, 2000.

Zuwa ga yayana Malam Jatau, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ku a wannan ƙasa mai nisa, ya sa mu gana da alheri. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana nan da sauƙi, ƙafar ce kawai take matsa mata idan gari ya yi sanyi, amma bakin nan nata lafiya lau. 'Yata Mariya ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata sunan Inna. Damina ta zauna sosai, geron mutane ya yi kyau. Tun da aka fara Shari'a gari ya yi shiru, masallaci yana cika, har waɗanda ka sani da barcin asuba yanzu su ne a sahun gaba.

Takardarka ta iso ta hannun direban nan na Kasuwar Daji. Na ga inda ka ce ɗanka Imrana ya aiko maka da hoton Makwarara, ruwa yana zubowa daga dutsenta, ka sa shi a gilashi ka rataye a falo, maƙwabta suna shigowa kallo suna cewa ashe Zamfara ma akwai irin wannan wuri. Ka ce yaron ya fito da sunan Banga. Da nake karanta wa Inna takardar, tsallake wurin nan na yi, don ban ga amfanin ɓata mata rai ba. Kai kuwa dole in faɗa maka, domin kai ne babba, kuma kai ka haife shi.

Yaya, ka tashi ka tsaya gaban hoton nan ka dubi gawon da ke gefen dama. Ganye ne a kansa shar. To yaushe ka taɓa ganin gawo da ganye alhali Makwarara tana zuba? Ashe zaman Kudu har ya sa ka manta gawo da damina yake kaɗe ganyensa? Ka san dutsen nan na bayan gonar Baba ba ya zubo da ruwa sai an yi mamako, ya yi 'yan kwanaki ya ɗauke. Da rani ba abin da ke gangarowa daga kansa sai kashin awaki. Hoton nan kuwa cikin tsakiyar rani aka ɗauke shi, ana gab da tafiya aikin hajji. Ruwan da ka gani ruwan rijiyar Baba ne.

Ga yadda abin ya faru. Tun da aka ba mu jiha Imrana bai sake zama wuri ɗaya ba. Kullum yana hanyar Gusau da 'yar jaka a hammata, wai shi da abokansa sun kafa ƙungiyar yawon buɗe ido. Da Shari'a ta zo ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ba ya buɗe baki sai da Larabci, duk da ni na san iya inda karatunsa ya tsaya. Ban ƙi ba, in gyara ne Allah ya ƙara. Amma riga ce ya ga ana yayi ya saka. Can a Gusau ya cika wa wasu manya baki cewa ƙauyensu akwai ruwa mai zubowa daga dutse wanda ya fi na Jos, don dai su san da shi in an tashi rabon muƙami. Suka ce suna so su gani kafin babbansu ya tafi Makka. Da na ce masa ya bari sai damina, sai ya ce wai da damina mota ba ta shiga kwarin, kuma manya ba sa tafiya cikin taɓo. Ya ce ni ban san yadda ake tafiyar da al'amuran zamani ba.

Sai ga shi da injin ban-ruwa na aro da tiyo mai tsawo, da wasu zauna-gari-banza da ya kwaso daga tasha. Suka jefa tiyon cikin rijiyar gona, suka ja ɗaya bakin har kan dutse, suka toshe kwarmin nan na saman dutsen da muke wanka a ciki muna yara da buhunan yashi, don ruwan ya taru. Na bi shi har bakin rijiya na ce ya dubi Allah, wannan ruwan ba namu ba ne mu kaɗai, shanun Abbati Bafulatani suna kan gonar. Ya ce in kwantar da hankalina, rijiya ai tsattsafowa take yi, kafin yamma ta cika. Na ce rijiyar hannu ce, tsohuwa, ba a ɗaure ta da siminti ba, guga ta sani. Ya yi mini irin murmushin nan da ake yi wa wanda ya fara ruɗewa. Haka injin ya wuni yana ƙara, ya wayi gari yana yi, har na ji muryarsa ta sauya ya fara zuƙo yashi.

Ranar da baƙin suka zo na bi bayansu, ba don sha'awa ba, don in ga ƙarshen abin da idona. A bakin kwari suka ajiye motoci suka taka da ƙafa. Yaya, da ka ga tafiya. Manyan riguna sun sha guga, takalma masu ƙyalli suna zamewa kan tsakuwa, wani riƙe da laima, wani ana bin sa da kujera. Matansu a baya can nesa, Imrana ya ce haka tsari yake yanzu, sai ƙarangiya ke kama musu bakin hijabi suna tsaki. Tafiyar da Inna take yi da damin itace a ka lokacin tana da ƙarfi, su sai da suka zauna hutawa a gindin kowace inuwa. Shi kuwa yana gaba yana nuna musu duwatsu da sanda, yana ba su tarihin da ni da aka haifa a nan ban taɓa ji ba. Har kukar nan da muke ɗaure jaki sai da ya yi mata suna.

Da suka iso gindin dutse ya cire hularsa ya yi fifita da ita, ashe alama ce. Mutanensa da ke laɓe a sama suka janye buhuna, ruwa ya kwararo. Sai kabbara ta tashi. Manya suna ɗaga hannu suna cewa ikon Allah, wani har da share hawaye, wani ya tara hannu ya shafa a fuska wai tabarruki. Ni ina tsaye ina kallon ruwan da shanu za su sha har faɗuwar damina yana bin yashi yana nutsewa. Mai hoto ya ɗauka, ga Imrana a tsakiya ya buɗe hannuwa kamar shi ya halicci dutsen. Kafin mutum ya shanye kwanon koko ruwan ya ƙare. Babbansu ya tambaya ko lafiya, ɗanka bai ko ƙifta ido ba ya ce ai haka take, da rana tsaka takan huta. Suka gyaɗa kai, suka sha lemo, suka watsar da kwalabe suka tafi. Ban san wanda ya fi ba ni haushi ba, mai ƙaryar ko masu gyaɗa kan.

Da la'asar shanu suka dawo daga kiwo suka nufi rijiya kamar yadda suka saba. Abbati ya zura guga, ta fito da taɓo. Injin ya ƙwaƙule gindin, gefe guda ya rufta ciki. Ka san alkawarin da ke tsakanin Baba da mahaifin Abbati tun ba a haife ni ba: su sauka a gonarmu da rani, su ci kara su sha rijiya, shanunsu su bar mana taki. Ba takarda, ba shaida, kuma ba shekarar da aka saɓa. Na je na same shi tsaye da igiya a hannu, shanu sun kewaye shi suna kuka. Na fara ba shi haƙuri, na ce za a yashe ta, na ce yaro ne, hoto kawai yake so. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yalwa, shanu ba su shan hoto. Da ubanku na da rai, da wanga abu bai faru ba." Na juya na koma gida.

Washegari da na fita, rugar ba kowa, sai turaku da toka. Matarsa Asta, wadda muka yi 'yanmatanci tare, ko sallama ba ta shigo ta yi mini ba, kuma ban ga laifinta ba. Sun koma wajen Zurmi, wani mai gona ya karɓe su hannu biyu, don ba wanda ke ƙin taki. Mijin Mariya da maƙwabta sun taimaka an yashe rijiyar, ruwa ya dawo, amma shanu ba su dawo ba. Shi kuwa gwanin naka ko leƙowa bai yi ba. Da na aika masa, sai ya aiko wai in daina tayar da hankali a kan Fulani, idan wurin ya bunƙasa takin zamani zai kawo mana da mota. Har yau muƙamin bai zo ba, motar ma ba ta zo ba. Na ji an ce yanzu wani tafki yake yi wa talla a wajen Shinkafi. Allah ya kiyaye rijiyoyin mutanen can.

Yanzu Makwarara tana zuba da kanta, tun daga cikin gida ana jin ƙararta, ba kuwa wanda ya zo daga Gusau ya yi mata kabbara. A gindinta ga geronmu nan, gajere, ya yi rawaya, na maƙwabta ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Gonar nan ita ke ciyar da Inna, ka sani. Na bana ya riga ya wuce, za mu lallaɓa. Tsorona baɗi ne da shekarun da ke bayanta, domin in Abbati ya sake yin rani a Zurmi, shi ke nan ya saba da can.

Abin da nake roƙonka, ka zo da kanka kafin a gama girbi. Kada ka aiko saƙo, kada ka aiko Imrana. Alkawarin na iyaye maza ne, Abbati ba zai saurare ni ba, ba zai saurari yaro ba, amma in ya ga babban ɗan Baba ya tako har rugarsa ya zauna kan tabarma ya ba shi haƙuri, ina kyautata zaton zai ji kunya ya dawo. Inna ta san sun tashi, amma ba ta san dalili ba. Duk da haka kowace safiya sai ta sa an ajiye mata 'yar ƙwaryarta a bakin zaure, ko Asta za ta biyo da nono. Da hantsi ni nake zuwa in ɗauke ta in ɓoye kafin ta tambaya.

Ka gaishe mini da Yaya Bilkisu da kyau, ka ce na gode da atamfa. Ka gaishe da Fatimatu da Kulsumu, Allah ya ba su sa'ar karatu. Inna tana sa muku albarka, Mariya da mijinta suna gaisuwa, Malam Maiwada na masallaci ma ya ce in gaishe ka. Hoton kuwa kada ka sauke shi. Ka bar shi a falo inda za ka riƙa ganinsa kullum har ranar da za ka taso, domin takin gonar Baba ne da nonon Inna ka rataye a bango.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Yalwa.