Cikin idon Hadiza

Gure, daren Talata, watan Sha'aban

Barci ya ƙi zuwa, sai na zauna rubutu.

Bayan magariba na shiga gidan Malama Falmata maƙwabciyata, ta kira mini autata Hadiza a Yamai ta bidiyo. Cikin Hadiza ya tsufa, kuma tun wancan mako muryarta ba ta yi mini daɗi ba. Mijinta ya sayi sabuwar ordinatar, wato kwamfuta. Daga gefe ya gaishe ni, yana ta yabon kyamarar: "Inna, wannan ko gashin ido sai ki ƙirga!" Gaskiyarsa, ɗaya-ɗaya na gan su.

Na ce, "Auta, matso ki ja fatar idonki ƙasa." Haka uwata take duba mai ciki. In wurin ja ne, akwai jini. In fari ne, sai likita. Ta yi dariya, ta ja. Na ga fari fat. Da ta juya wajen fitila sai ya koma ja, har bangon ɗakin ya yi ja.

Malama ta ce laifin kyamarar ne, tana da kaifi amma in haske ya yi kaɗan ba ta riƙe launi. Tsohuwar tasu dishi-dishi take nunawa, amma ba ta taɓa sauya mini fatar 'yata ba.

Na roƙi Hadiza gobe ta je awo. Ta ce, "Inna, kin cika tsoro, lafiyata lau."

Ban san wanda zan gaskata ba, farin ko jan. Da a gabana take, yatsa ɗaya ya ishe ni.