Kwana Goma Sha Biyu a Kan Keken Dutse

Sokodé, 8 ga Satumba, 2017

Yaya Salamata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Ya kasuwar tumatir? Mu nan sai hamdala, amma garin ba daɗi. Kullum zanga-zanga, an yanke rezon intanet, waya kuma ban yarda da ita ba. Shi ya sa na ba Fuseini direba wannan takarda.

Maganar Nafissatou ce. Kin san tun rasuwar uwarta daga ni sai ita, kin kuma san haukanta da keke. To ta kawo mini takardu biyu na masu koyar da hawan keken dutse, wanda suke ce ma vetete. Dukansu sharaɗinsu yaro ya zo da uwa ko uba, a koya tare. Ni, tela, da wannan tumbin! Na ce to, don ta ci jarrabawa kuma na yi alkawari.

Ɗaya a Aledjo yake nan kusa, Asabar-Asabar, a je a dawo. Ɗayan can wajenku, a duwatsun Tandjouaré, kwana goma sha biyu, wurin wani Awudu. Ta kafe sai na Awudu. Na tambayi dalili, wai dutsen can ya fi kyau. Yaushe ta taɓa ganinsa?

Ji abin da mutumin ke koyarwa: tsallake gungume, gudu inda ba hanya, faci a daji, kiran juna da usur. Yana son hoto biyu, da rukunin jini, da sunan wanda za a sanar in an ji rauni. A wannan zamani, Yaya? Ko dai yana shirya yara ne su tare hanya su tsere ma masu kaki, ko kuma sunaye yake tarawa ya kai inda kika sani. Don Allah ki je ki gano mini shi da idonki.

Ƙaninki,
Mahama

Dapaong, 12 ga Satumba

Mahama,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, sai ƙafata da ka sa na hau dutse da ita.

Na je. Awudun naka tsohon malamin wasanni ne na lakol, makarantar boko, kansa duk furfura. Na tarar da shi yana koya ma wata ma'aikaciyar asibiti da ɗanta yadda ake kama birki a gangara. Matar ta faɗi sau uku a gabana, tana dariya. In waɗannan ne mayaƙan, to ƙasa ta zauna lafiya. Rukunin jinin kuwa, ya ce asibiti da nisa, dutse kuma ba katifa ba ne. Kai dai tun kana yaro ko akuya ta yi tari sai ka ce turo ta aka yi.

Amma akwai abin da bai kwanta mini ba. Awudu ya ce 'yarka ta rubuto mai da kanta. Ba ta tambayi keke ba, ba ta tambayi dutse ba. Abu biyu kawai: kwana nawa ne, kuma dole uban ya kwana can? Yarinyar da ke son keke ba haka take tambaya ba. Ka sa mata ido.

Allah ya tsare mu.
Yayarka,
Salamata

Sokodé, 15 ga Satumba

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na sa ido, kuma da ma ban sa ba. Maƙwabta sun gan ta tana shiga gidajen samarin nan masu fita zanga-zanga, gida bayan gida. Na tambaye ta, ta sunkuyar da kai. Na bincike jakarta, reza na samu. Wallahi zuciyata ta ɓaci, na faɗa mata maganar da ban taɓa faɗa mata ba.

Na yanke: Aledjo za mu. Ba zan rufe shago kwana goma sha biyu don biye ma ƙarya ba.

Mahama

Sokodé, 15 ga Satumba

Gwaggo,

Ina gaishe ki da ladabi, da fatan ƙafarki ta yi sauƙi. Na roƙi Baba Fuseini ya ba ki wannan hannu da hannu. Don Allah kada Baba ya sani.

Gwaggo, kin san Baba ba ya sakin ɗinki sai ya liƙa ɗan ƙyalle a wuyan riga, mai sunansa da lambar wayarsa. Ko wandon jariri ne. Watan jiya aka kawo mai aikin jajayen riguna sittin, irin waɗanda masu zanga-zanga ke sawa. Shi aiki ya gani, ba siyasa ba. Ni na liƙa ƙyallayen da hannuna, duka sittin.

Yanzu ana kama mutane da rigunan a jikinsu. Wani da aka sako ya ce mini a can an juya wuyan rigarsa, an karanta, an rubuta. Na faɗa ma Baba tun farko, ya ce telan da ke ɓoye sunansa ɓarawon yadi ne, kuma shi ba inda za shi. Kin san shi.

Gidajen da nake shiga, roƙo nake su ba ni rigunan in yanke ƙyallen. Na samu ashirin da uku. Sauran ban san inda suke ba.

Na duba ko'ina, ban ga abin da zai fitar da Baba daga Sokodé ba sai alkawarin da ya yi mini. Na Aledjo ba shi da amfani, da yamma muna gida. Jiya ya ce na zubar da mutuncin uwata. Na yi kuka, amma gara ya zarge ni yana waje da ya yarda da ni yana ciki. Tsoro nake ji, Gwaggo. Ki yi wani abu.

'Yarki,
Nafissatou

Dapaong, 17 ga Satumba

Mahama,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake. Kai wane irin uba ne? Ka ce yarinya na bin gidajen samari, sannan ka zaɓi wurin da kowace yamma za ka dawo da ita unguwar? Haba! Ka fitar da ita daga garin nan. Na riga na ba Awudu sunayenku, Laraba za a fara. Fuseini zai taso Talata da safe, ku biyo shi. In ban gan ku a tasha ba, ni zan zo, kuma ka san ba da daɗi ba.

Yayarka, wadda ta goye ka,
Salamata

Tandjouaré, 24 ga Satumba

Yaya,

Assalamu alaikum. Mai kawo mana ruwa zai miƙa miki wannan.

Fuseini ya biyo jiya. Ya ce ran Alhamis masu kaki sun zo shagon, su huɗu, da riga ja a hannu, suna tambayar mai sunan da ke wuyanta. Sun fasa ƙofa, sun kwashe komai. Sun zauna jirana har la'asar.

Na zo in faɗa ma Nafissatou, sai na ga ba ta yi mamaki ba. Ta ciro ƙyallaye ashirin da uku daga cikin hular kwanonta ta zuba mini a hannu. Ke ma kin sani, ko? Ba komai.

Shago ya tafi, wannan zan iya ɗauka. Abin da na faɗa mata kan uwarta ne ya hana ni cin abinci. Yau a gangara tana gaba ina biye, tana waiwaye ko na faɗi, na kasa kallon idonta. Babanmu bai taɓa ba ɗayanmu haƙuri ba, ban ga yadda ake yi ba. Ke kika girme ni, Yaya. Ki rubuto mini ta ina ake farawa.

Ƙaninki,
Mahama