Takalmin Jikata

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki da abin da kike ɗauke da shi. Ya jikin? Ni kalau nake, ban da gwiwa da ɗan tari. Tela maƙwabcina ne ke rubutawa, ni ke faɗa, in kin ga kuskure nasa ne.

Mijinki ya gaya mini an yi hoton cikin, an ce jaririn ba ya girma daidai da watanninsa, wai mabiyiya ba ta kai masa abinci yadda ya kamata, kuma jininki ya hau. Ya kuma isar da saƙonki cewa kada in ɗinka takalmi a wannan karon. Auta, duk jikan da aka yi mini, takalminsa na fari daga hannuna ya fito. Na san tsoro ne ya sa ki faɗi haka. Na ji, amma ban yarda ba.

Shekarar da ruwa ya cinye gada aka haife ki. Babu wanda ya rage da zai ba ki labarin sai ni. Cikin mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, bai fito ba, har maƙwabta na cewa ƙiba ce kawai. Da kika zo, kanki bai cika tafin hannuna ba, kukanki kamar na ɗan kyanwa. Masu zuwa barka sai su leƙa, su kama zancen gada. Ni kuwa na yanki zare na auna ƙafarki. Yana nan cikin gwangwanin basilla, bai kai tsawon babban yatsana ba.

Ki bi maganar likita. In sun ce ki kwanta a asibiti, ki kwanta, ajin da kike koyarwa ba zai gudu ba. Ina kewarki ƙwarai. Kujerar da kike zama a bakin shago kina tsinto mini ƙusa tana nan, na hana kowa hawa.

Ki huta lafiya.
Naki, Baba

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa da barka da arziki. Ya ƙarfin jiki, ya wurin ɗinkin? Allah ya raya mana ita.

Na ji an ciro ta kafin lokaci, mace ce, tana cikin kwalba, ana ba ta nono ta siririn bututu. Na kuma ji abin da mijinki bai so ya faɗa ba, sai da na matsa masa. Wai kina kai nonon ki miƙa wa ma'aikaciyar jinya daga bakin ƙofa ki juya, ba ki taɓa sa hannu kin shafa ta ba, don kada ki saba da ita a karɓe.

Mahaifiyarki ma ta yi haka. Tana shayar da ke fuskarta na kallon bango. Ban yi mata faɗa ba. Na zauna kusa da gadon da fata da almakashi, ina yankan takalmi. Ta ce ko na zautu ne, wannan ai ƙafafunki biyu za su shige guda. Na ce ba na ƙafar yau ba ne, na ranar da za ta taka ne. Ta ɗaga ƙafar taki don ta nuna mini wautata. Tun da ta riƙe ta, ba ta sake saki ba.

Ba zan ɓoye miki ba, kin ba mu wahala. Tari duk lokacin sanyi, sa'anninki na gudu ke kina rarrafe, a makaranta kullum ke ce a layin gaba saboda ƙanƙanta. Amma kin sa takalmin nan har ya tsage. Ban san abin da Allah ya rubuta wa wannan ba, likitocin ma sun ce sai an bi ta a hankali. Abin da na sani, yau tana da ƙafa, kuma ba a auna ba.

Na yanka fata mai laushi, ja, ban ɗinke ba. Tela ya ce in nemi awon ta waya. Shi da ke auna mutum ya ɗinka masa rigar wani! Ni ba na aiki da awon da ban gani ba. An ce ba a barin tsoho mai tari ya shiga ɗakin kwalba, hannuna kuma ya yi kaushi. Saboda haka ke za ki auna, ni ina kallo ta gilashi.

Kada mijinki ya ɓata bakinsa kan gwiwata. Gobe da safe zan rufe shago, in sa tsohon zaren da sabo a aljihu, in hau motar farko. Mai yiwuwa in riga takardar nan isowa.

Allah ya haɗa fuskokinmu.
Naki, Baba