Matar da Kwamfuta Ta Ƙi Ajiyewa

Zuwa ga mijina Mai-Tabarau,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da wannan kwamfutar da ka fi so a kaina. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwa, ita kuwa ta daɗe da raina ni.

Malam, ina aikina? Wata uku ke nan da na ba ka littafin da na rubuta dangi kaf a ciki, gida gida, tun daga kakan kakanka. Biro huɗu na ƙarar. Ka ce mako biyu za ka zuba su a kwamfuta ka aika wa kowa. Ashe kai ma irin mazan nan ne masu alkawari a bakin ƙofa.

Kada ka ce in kira ka a waya. Kunnena ya yi nauyi, in na yi magana har mai shagon bakin titi yana ji, matar Kawunka Tela kuwa kunnenta garau yake. Takarda ta fi.

Ga dalilin gaggawata. Likita ya ce kaina ya fara yoyo. Ba haka ya faɗa ba, da dogon bayani ya yi wa Tela, amma na gane. Shekaranjiya na sa makullin ɗaki a firij, na wuni ina zargin jikoki. Jiya na tsaya ina kallon maƙwabciyata ta shekara ashirin, sunanta ya ƙi zuwa. Ka gama kafin in tambaye ka kai ɗan waye.

Taka, ko ka so ko ka ƙi,
Kakarka

*

Kaka,

Bayan gaisuwa da girmamawa, Allah Ya ƙara sauƙin gwiwa. Ban manta ba. Na shigar da mutum ɗari biyu da sha ɗaya, amma aikin ya ƙi ajiyuwa.

Bari in yi miki bayani. Manhajar da nake aiki da ita, sai an fara gina mata tsari kafin a zuba komai. Tsarin da na gina shi ne naki: fayil ɗaya, cikinsa gidaje, cikin gidaje mutane. Layin da ke haɗa ɗa da uwarsa nuni ne kawai, kamar a miƙa yatsa a ce ga ta can. In na danna ajiye, manhajar tana bin kowane yatsa ta ga inda ya nuna. In ta tarar da wanda ake nunawa amma ba ya cikin kowane gida, sai ta tsaya, don ba ta da wurin da za ta rubuta shi.

Mutum ɗaya ce ta tsayar da mu. A shafin Kawu Tela kin rubuta: uwarsa Mai-Kitso. Na ɗauka laƙabinki ne na ƙuruciya, tunda kowa ya san Kawu shi ne autanki. Amma naki laƙabin daban yake a shafin farko, kuma na bi gidaje ashirin da bakwai ban ga Mai-Kitso ba.

Wace ce, kuma wane gida zan sa ta?

Jikanki mai biyayya

*

Mai-Tabarau,

Ina gaisuwa. To, ashe kwamfutar taka ma 'yar sa ido ce. Ka aure ta kawai in huta, kun dace.

Tsohuwar da ke sa makulli a firij, don ta rubuta shirme a littafi har abin tambaya ne? Goge shi. Ai na san akwai abin gogewa, na ga yaran gidan nan suna dannawa.

Ka gaishe da uwarka, ka ce mata na ga sabulun da ta aiko, ya yi ƙamshin asibiti.

Kakarka

*

Kaka,

Barka da war haka. Na gwada abin da kika ce. Akwai zaɓin da za a gaya wa manhajar ta watsar da duk wanda ba shi da gida ta ci gaba. Na zaɓa, ta ajiye ba gardama. Da na sake buɗe fayil ɗin, sai ga Kawu shi kaɗai a cikin dangi duka ba shi da uwa. Wurin fari fat.

Zan iya sa sunanki a wurin. Kwamfuta ba ta san ƙarya ba, abin da na ba ta shi za ta riƙe, kuma shi jikokinmu za su karanta. Sai dai sau uku kika rubuta Mai-Kitso, a shafi uku daban, kuma a na ƙarshe biron ya huda takardar. Ba zan taɓa komai ba sai kin ce.

Ki yafe mini in na zaƙe.

Jikanki

*

Jikana,

Na gaishe ka. Kwana tara takardarka tana ƙarƙashin katifa. Yau kaina a tsaye yake, bari in rubuta kafin ya karkace.

Mai-Kitso 'yata ce ta fari. Ta girmi uwarka da shekara goma sha huɗu. Hannunta ya iya kai, mata har layi suke yi a tsakar gidanmu, kowa da kujerarta, tana yi tana kwaikwayon muryar mazajensu suna dariya. Bakin nan nawa da kuke kuka da shi, nata ya fi.

Da ta haifi Tela sai kanta ya juye. Ta daina barci, ta daina magana da kowa sai bango. Mijin ya dawo mana da ita da jaririn da akwati ɗaya, bai ko zauna ba. Wata rana da azahar na fito wanki na same ta a bakin rijiya, ta miƙa yaron a kan ramin da hannu biyu, tana yi masa wasa. Ban yi ihu ba. Na ce, kawo shi in ga kitson da kika yi masa. Ta miƙo mini.

Washegari ni da kakanka muka kai ta asibitin masu taɓin hankali, wanda ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Kakanka ya tsaya a waje. Ni na dangwala yatsa a takarda.

Shekarar farko ina zuwa duk wata da sabulu da zane. Kullum sai ta ce, Inna, ina yarona? A shekara ta biyu ta daina tambaya, ta koma ce mini Hajiya. Kakanka ya ce a ce ta rasu, kada a sa wa gidan suna ƙannenta su girma su rasa masu nema. Muka tashi daga unguwar. Uwarka tana da shekara shida, aka ce mata yayarki ta rasu, wannan kuma ƙaninki ne, ta riƙe haka.

Da sauƙi in ɗora wa kakanka, tunda ba ya nan balle ya musa. Amma shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa, kuɗin mota bai taɓa gagara ta ba, ban je ba.

Tela yana da shekara talatin da takwas. Kullum kafin ya buɗe shago sai ya leƙo ya ce, Inna, kin sha magani? Ban san ko tana raye ba. Kai da ke da ƙafa, je ka duba mini.

Kakarka

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Na je ranar Talata. Wata ma'aikaciyar jinya da ta daɗe a wurin ta gane Mai-Kitso nake nufi tun kafin in gama bayani. Ta ce har hannunta ya fara rawa ita ke yi wa matan ɗakinsu kitso, da ma'aikatan ma.

Ta rasu shekara huɗu da suka wuce, ciwon ƙirji. Ma'aikata ne suka yi mata sutura. An nuna mini katinta. A layin dangi an rubuta babu. Na ce su gyara, suka ce sai da takarda daga uwa ko ɗa.

Fayil ɗin yana nan yadda yake. Ko in sa sunanki, ko in sa ta a gidanki. In na sa ta, Kawu zai gani ranar da kowa zai gani. Allah Ya jiƙanta, Ya ba ki haƙuri.

Jikanki

*

Mijina,

Na gaishe ka. Sa ta a gidana, a sama da uwarka, ita ce babba. Ka rubuta ranar rasuwar da suka ba ka, ka aika wa kowa. Takardar asibitin tana cikin wannan ambulan, na dangwala.

Tela ba zai ji a kwamfuta ba. Na zaunar da shi ranar Asabar na faɗa masa da bakina. Ya tashi ya tafi shago, keken ɗinkin bai tsaya ba har la'asar.

Yau da safe ya leƙo da magani da ruwa a kofi. Ya tsaya har na haɗiye. Ya ce, Kaka, Allah Ya ƙara sauƙi. Ya ja ƙofar.

Ka zo in ka samu hali.

Kakarku